Shekarar da Na Je Kangon Rumawa

Musbahu, Hafsatu, da ke Zainabu da ba ki taɓa ɗora ido a kan babanku ba, wannan ɓangaren naku ne. Na san abin da ake gaya muku tun kuna ƙanana, wai na je Libiya na tarar da babanku da ransa da lafiyarsa, na juyo na baro shi. Ranar kamun Hafsatu ma ina madafa ina kwasar tuwo na ji wata gwaggonku tana maimaita wa baƙi, har da ƙarin cewa da wata macen ce da ta san yadda za ta yi ta taho da mijinta. Na ci gaba da kwasata. Gaskiya ne na gan shi, gaskiya ne kuma ni kaɗai na dawo. Abin da ya faru tsakanin ganin da dawowar ne ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya tambaya, ku ma kunya ta hana ku. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin tashi, gara in rubuta muku da hannuna.

Kun san yadda ƙasarmu take a gefen Makoda. Gona na jikin gona, ba jeji ba fili, in ka tsaya a kan iyakarka kana jin tarin maƙwabcinka. Duk mutuwa sai an raba gona, duk rabo sai ta ƙara tsukewa, har ta kai abin da gidanmu ke nomawa ba ya kai mu bazara. Shi ya sa babanku ya ce zai bi masu zuwa Libiya neman aiki. Ƙaninsa Garzali, autan kakarku Inna, ya ce ƙafarsa ƙafar yayansa. Ba ku san Garzali ba, ko Musbahu ba zai iya tuna shi sosai ba. Dogo ne, baki ba ya rufuwa, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi iyo. Da damina in kududdufin bayan gari ya cika, sai ya nutse ta wannan gefe ya ɓullo ta wancan, mata na salati yana dariya. Shi ne yake karɓo mini hayar littattafan soyayya a kasuwar Dambatta, ya soko su a cikin riga don kada Inna ta gani.

"Matarmu, fito ga mijinki na gaskiya ya dawo," haka yake cewa daga ƙofar ɗaki. "Wancan ko harafi ɗaya ya taɓa kawo miki?"

"Miji ko akuya ba shi da ita? Ajiye ka ba ni wuri."

"Za ki neme ni ranar da na dawo da mota."

A ƙarƙashin kwanukan jerena nake ɓoye su. Ina tsaron tukunya ina karatu, ina goyo ina karatu. A cikinsu duk wanda ya tafi yana dawowa, duk wanda aka yi fushi da shi ana yafe masa kafin shafin ƙarshe, a rungumi juna a yi kuka, a yanka rago. Babanku ba mai magana ba ne, bai taɓa gaya mini kalma ɗaya irin ta cikin littafi ba, sai dai in ya dawo daga gona ya ajiye mini ɗinya ko goruba a bakin gado ya fita. Ni nake ara masa maganganun, in sa su a bakinsa a cikin raina, kuma hakan ya ishe ni.

Sun tafi bayan an ɗaure gero, ina da cikin Zainabu. A zaure Inna ta kama hannun Garzali ta sa a cikin na babanku.

"Ga shi nan. Yadda ka fita da shi, haka za ka dawo mini da shi."

"In Allah ya yarda, Inna."

Da farko saƙo yana zuwa jefi-jefi ta hannun masu dawowa, ɗan abin cefane da gaisuwa. Daga baya hoto ya zo. Ya bi hannu ya bi hannu kafin ya iso, wanda ya miƙo shi ma bai taɓa ganinsu ba, ya ce dai an ce suna gaisuwa. Su biyu ne a tsaye a wani makeken fili, Garzali ya dafa kafaɗar yayansa yana washe baki. Bayansu ginshiƙai ne dogaye farare, ba komai a kansu sai sama. Ga manyan duwatsu sassaƙaƙƙu zube ko'ina a ƙasa, ga wata doguwar katanga. Aka kai hoton zaure, dattawa suka yi ta juya shi, sannan aka aika aka kira Malam Hadi magini, wanda ya yi shekaru yana aikin gini a birnin Kano. Ya ɗaga hoton wajen haske ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai kango ne, kuma aikin gwamnati ne. Kun ga an tsayar da ginshiƙai, ko linta ba a ɗora ba. Ga dutse nan an sauke, ba a ma fara jerawa ba. Kai, yaran nan sun faɗa babban aiki. Irin wannan sai ya ci shekaru."

Da maganar ta shigo cikin gida, Inna ta shafa fuskar Garzali da ɗan yatsa ta ce, "To, in an yi rufi sa dawo."

Shi ke nan maganar ta zauna. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya yi shakka, don mu a wajenmu ginshiƙi ba rufi abu ɗaya yake nufi: ana kan aiki. Ku kanku in kun tambaya yaushe Baba zai dawo, amsar ke nan, sai an yi rufi. Ni kuwa sai na karɓi ginin na ƙarasa shi a raina. Na sa masa tagogi koraye, na shimfiɗa dardumai, na dasa furanni a tsakar filin, na sa maɓuɓɓugar ruwa. Na ga ranar buɗewa, an tara leburori ana sallamarsu, babanku da Garzali sun taho da akwatuna. Ina surfe ina wannan gini, ina ɗiban ruwa ina wannan gini.

Bayan hoton kuwa ba abin da ya sake zuwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, Zainabu ta yi wayo har ta fara zuwa makarantar allo. Waya ta shigo ƙauye, waɗanda nasu ke can suna zuwa Makoda su yi magana da su, mu ba mu da lambar da za mu kira. Duk wanda ya dawo aka nuna masa hoton sai ya girgiza kai, ya ce shi a Sabha ya tsaya, ƙasar da faɗi. Yayyena suka fara zancen a je wajen alƙali a raba auren, na ce ban ji ba. Idon Inna ya fara hazo. Wata safiya tana zaune a kan tabarma ta kira ni.

"Saude, idon nan tafiya yake. Maza duk sun je sun ce ba su gani ba, ai ba nasu ba ne shi ya sa. Ke kika san keyar mijinki. Ki bar mini yaran, ki je ki dubo mini su. Ki ce wa wancan ko ba a gama ba ya sako mini autana ya taho."

Akwai wata Hajiya Kande a Dambatta da take kai mata aikatau can. Ita na bi. Hamada kuwa na bar ta a inda take, abin da na gani a cikinta ba na kunnen 'ya'ya ba ne. Abin da zan ce kawai, hoton na cikin leda a ɗaure a ƙugu, kuma duk sanda mota ta tsaya sai na taɓa in ji yana nan.

A Turabulus aka sa ni gidan wasu Larabawa, wanki da goge-goge da rainon ƙaramin ɗansu. Na yi watanni kafin kunnena ya fara tsintar maganarsu. Wata rana 'yar gidan, budurwa mai karatu, ta shigo ɗakin wanki ta tarar ina kallon hoton. Ta karɓa, ta ce, "Labda!" Na gane sunan wurin ta kira. Na kifa tafin hannuna a kan ginshiƙan kamar rufi ina tambayarta ko an gama, ba ta gane ba, ni ma ban gane dogon bayaninta ba. Na dai nuna babanku na nuna ƙirjina. Ta je ta yi magana da uwarta. Aka ce mini ranar wata Juma'a za su fita shan iska can, za a tafi da ni in riƙe yaro.

Ranar na fito da atamfata mai ruwan ganye da na ajiye a ƙasan jaka tun daga gida. Na sa kwalli. A mota yaron na barci a cinyata, ni kuwa ina shirya yadda za ta kasance. Zai hango ni daga saman gini, kwanon siminti zai suɓuce daga hannunsa, zai sauko da gudu. Garzali zai riga shi isowa yana ihun matarmu ta biyo mu. Har amsar da zan ba shi na tanada.

A bakin ƙofar shiga na ga wani baƙin mutum yana shara, na yi masa sallama da Hausa, ya amsa. Mutumin Damagaram ne. Na nuna masa hoton.

"Wannan na san shi, Bakanon nan ne mai cire ciyawa. Yau ina jin yana dandali, ki bi babbar hanya ki miƙe." Ya matsar da yatsa kan Garzali. "Wannan kuwa ban taɓa ganinsa ba."

Na ce a raina wataƙila an kai shi wani sashen aikin. Uwar gidan ta karɓi ɗanta, ta nuna mini rana ta nuna ƙofa, wato in dawo kafin la'asar.

Ƙafata ce ta fara gaya mini, kafin idona. Hanyar shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu, amma duk sun siɗe, sun yi kwari a tsakiya kamar dutsen niƙan kakata. Sabon dutse yana da baki, yana kama takalmi. Wannan an taka shi har ya gaji. Na ɗaga hanci ban ji warin siminti ba. Ba tulin yashi, ba durom ɗin ruwa, ba ƙarar guduma. Na duba ko'ina ban ga mai abinci ba, kuma ni ban taɓa jin inda ake gini babu mace zaune da tukunyar shinkafa da wake ba. Sai 'yan tsirarun Turawa da huluna suna ɗaukar hoto, sai iska mai gishiri, sai wani gurnani can nesa da ban san ko na mene ne ba. Na ci gaba da tafiya ina gaya wa kaina ai Juma'a ce, an tashi aiki.

Na shiga ta wata ƙofa a jikin doguwar katangar nan ta cikin hoto, sai ga ni a tsakiyar filin. Ya fi filin idin Makoda, kewaye da bango ta kowane gefe. Ga ginshiƙan. Kaɗan ne a tsaye, sauran duk a kwance suke, sun kakkarye gunduwa-gunduwa kamar an sare rake. Duwatsun da Malam Hadi ya ce an sauke, ba sauke su aka yi ba, faɗowa suka yi. Kowanne da zanen ganye da furanni a jikinsa, zanen ya goge, gefen ya ɓantare. A can ƙarshe akwai matakalai masu faɗi da suka hau sama suka ƙare a kan babu. A gefe guda kuma an jera wasu fuskoki na dutse, kowacce ta kai faifai girma, fuskokin mata ne da gashi a murɗe kamar macizai, sun haɗe gira, idanu a buɗe, baki a ɗan sake kamar an katse su suna tsakiyar kuka. Na yi a'uziyya na kau da kai, na juya, wasu na kallona ta can.

Ba kango ba ne. Kufai ne. Na san kufai, a kansa muke noma. A wajenmu in gari ya tashi, damina kaɗan ce take narkar da bango ya koma ƙasa, a kawo garma a bi ta kai, geron wurin ma ya fi na ko'ina kyau. In ba don tsohuwar kuka ko fasassun tukwane ba, ba za ka san an taɓa haihuwa a nan ba. Wannan garin kuwa ya mutu ya ƙi komawa ƙasa, yana kwance a fili kamar gawar da ba a samu masu suturta ta ba. Na zauna a kan wani guntun ginshiƙi. Tagogina koraye, dardumaina, furannina, duk na ji suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Rufin da muke jira an yi shi tuntuni, ya daɗe da faɗuwa.

Ina nan zaune na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse, ƙwas, ƙwas, da ɗan jinkiri a tsakani. Ko a mafarki na san wannan sautin, noman fartanya ne. Can gindin matakala wani mutum ya duƙa yana cire ciyawar da ta tsiro a tsagar duwatsu, yana kaɗe saiwar a jikin ƙota, yana jefawa bayansa ta hagu. Duk ƙauyenmu mutum ɗaya ne yake jefa ciyawa ta hagu. Keyarsa ta yi furfura.

Ban yi gudu ba. Na taka a hankali har na isa, na durƙusa nesa kaɗan kamar na kai masa fura gona.

"Sannu da aiki."

Fartanyar ta tsaya. Bai juyo ba sai da aka jima.

"Yauwa. Sannu."

Ya dube ni, ya dubi atamfar, ya mai da ido ƙasa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya matsa inuwar bango ya zauna, na zauna gefe.

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai. Inna ce ta aiko ni."

"Ya yaran?"

"Lafiya lau. Mace aka samu, Zainabu."

"Allah ya raya." Ya ajiye fartanyar a gefe. "Ya damina ta yi bara?"

"Gero ya yi, gyaɗa ce ba ta yi ba. Malam, a gida cewa ake gini kuke yi. Ana jira a yi rufi ku dawo."

Ya ɗago ya kalli ginshiƙan kamar yau ya fara ganinsu. Wata irin dariya ta fito masa wadda ba na fatan in sake jin irinta.

"Rufi? Saude, garin Rumawa ne. Tun kafin a haifi Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, suka gina shi. Nan dandalinsu ne, nan suke shari'a, nan suke taruwa. Ni ciyawa kawai nake cirewa don masu zuwa kallo."

"Ina Garzali?"

Ya tashi ya ce in biyo shi. Muka ratsa ta wata tsaga, muka bi tsakanin rusassun ɗakuna, gurnanin nan yana ƙaruwa, sai ga teku. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gefen ba sai ranar. Ya tsaya ya harɗe hannu a baya, ya yi magana yana kallon ruwan, da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Ya ce a wata gonar zaitun suke aiki a lokacin, nan kusa. Ranar hutu suka zo kallo da abokan aiki, wani mai kyamara ya ɗauke su. Da suka fito nan Garzali ya ga ruwa ya fara tuɓe riga. Larabawan wurin suka yi ta ɗaga masa hannu suna hana shi, ya ce su ba su san shi ba ne. Babanku ya ce masa wannan ba kududdufi ba ne. Ya ce, Yaya, ruwa ai ruwa ne, tsaya ka gani. Ya nutse yadda ya saba. Suka tsaya suna jiran ya ɓullo.

"Sai washegari ruwan ya dawo da shi, can ƙasa. A maƙabartar garin nan yake. Shi ya sa na nemi aiki a nan."

"Hoton fa?"

"Ranar aka ɗauka. Bayan an yi wata wani zai tafi gida, ya ce me zan ba shi ya kai. Na zauna zan ba da saƙo, bakina ya ƙi. Sai na miƙa masa hoton."

Na durƙushe a kan yashi na yi kukan da ban yi a hamada ba. Bai taɓa ni ba, bai ce in yi shiru ba. Da na gaji ya miƙo mini gorar ruwansa.

"Ki koma ki ce ba ki gan mu ba."

"Ba zan iya ba."

"Tana da 'ya'ya maza biyu yanzu, duk suna gini. In kin faɗa ba ta da ko ɗaya."

"Tana da kai. Ka taso mu tafi tare, ka durƙusa a gabanta. Uwa ce fa."

"A hannuna ta sa shi, kina tsaye. In shiga zauren nan in ce mata me?"

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Na ce to ni zan zauna, ya ce yaran fa? A nan ne na yanke shawarar da ake zagina a kanta har yau. Na ce zan je in gaya wa Inna gaskiya, ni zan ɗauki nauyin faɗar, shi ya zo bayan an share hawaye. Har ga Allah na gaskata haka za ta kasance, don ban taɓa karanta labarin da aka faɗi gaskiya aka yi kuka sannan aka ƙi yafewa ba. Ya zaro wata 'yar waya daga aljihu. Ashe duk shekarun nan yana da waya. Ya sa na haddace lambar.

"Duk abin da ta ce ki gaya mini yadda ta faɗa, kada ki gyara. In ta ce in zo, zan zo."

Ya rako ni har cikin dandalin, ya tsaya inda ya ajiye fartanyarsa. Da na kai ƙofa na waiwaya. Ya riga ya duƙa, fuskokin nan na dutse na jere a bayansa.

Na ƙarasa watannin da na yi alkawari a gidan aikin, na biyo Hajiya Kande muka dawo da kaka. Washegarin isowata da hantsi na sami Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ba. Hannunta bai daina ɓara ba har na gama, sai dai ƙwayar take zubarwa ƙasa tana tara ɓawon a kwano.

"Shi yana nan da ransa?"

"Yana nan, Inna. Ya ce in kin ce ya zo, zai zo."

"Ya bar ni ina shafa hoton gawa ina yi mata addu'ar dawowa. Ya zauna can. In zai zo ya zo mini da abin da na ba shi."

Aka yi zaman makoki. Gwaggonninku suka daina amsa gaisuwata, wai ni na shigo da mutuwa gidan, da na yi shiru da har yanzu Inna na da abin jira. Na bari aka share makoki, na je Makoda wajen mai waya a ƙarƙashin lema. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar na hannunsa.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba tukuna. Ka ɗan ƙara haƙuri, zuciya ce."

Na ji iskar tekun nan a cikin wayar.

"Ta ce. Na ji a muryarki. Ki kula da yaran."

Na sake bugawa a kasuwa ta gaba bai ɗauka ba, ta gaba ma haka. Ba a jima ba rediyo ta fara kawo labarin ƙasar ta rikice, ana harbe-harbe, ana farautar baƙaƙen fata. Mutanenmu suka yi ta dawowa, wasu a jirgi wasu a bayan manyan motoci, wasu ba ko takalmi. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na aika Musbahu ya duba. Ban nemi alƙali ba, ban kuma sake ɗaukar littafi ba tun daga shekarar.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba sai da bazara ta yi nisa. Lokacin idon ya tafi gaba ɗaya. Wata ranar kasuwa na ga ta fito da mayafinta na unguwa tana laluben bango.

"Saude, kai ni wajen wayar nan."

A kan babur muka tafi, tana tsakiya ina riƙe da ita. Mai waya ya ba ta kujerarsa. Na faɗi lambar ya danna, ya saurara, ya girgiza kai, ya sake dannawa. Muryar wata mace ce a cikin wayar take ta maimaita magana ɗaya da Larabci. Mai waya ya ce layin ba ya shiga, Hajiya, duk na ƙasar haka suke yanzu. Inna ta miƙa hannu.

"Ba ni nan."

"Inna, ba kowa a ciki."

"Na ce ba ni."

Ta riƙe wayar da hannu biyu ta kai kunne. Babanku ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. A tsakiyar kasuwar Makoda, masu awon gero na ji, masu babur na ji, ta ɗaga murya yadda ake kiran yaro daga gona.

"Idrisu. Idrisu, ni ce. Ka taho gida haka nan. Ka ji ko? Ka taho kai kaɗai ɗin."

Ta saurara. Matar nan ta gama Larabcinta ta sake farawa. Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Me ya ce?"